Yadda ake canza ruwan tankin kifin ado a gida ba tare da an yi asarar kifin ba

A gidan da na tashi a cikin birnin Zariya, idan za a wanke randa ba a barin ko ɗigo. A karkata ta a zubar da sauran ruwan, a sa soso a dirje cikinta har santsin nan ya fita, a turara ta, sannan a cika da sabon ruwa. Da wannan tarbiyyar na shiga kiwon kifin ado. Tankina na farko ɗan ƙaramin gilashi ne, da kifi takwas a ciki, irin ƙananan kifin adon nan da ake kira gofi da moli. Da ya yi kamar mako biyar na ga gilashin ya fara kore, sai na kwashe kifin na zuba a roba, na fitar da tankin tsakar gida, na wanke tsakuwar da omo, na shanya soson filta, wato na'urar da ke tace ruwan tankin, a rana, na cika da ruwan famfo. Ya fito fes kamar ranar da na sayo shi. Kafin kwana uku biyar sun mutu. Mahaifiyata ta leƙo ta ga ina tsamo su, ta ce, "Kai ɗan nan, tsabtar taka ce ta yi musu yawa." Ba ta taɓa kiwon kifi ba, amma abin da ya faru ke nan daidai.

Duk wannan jagorar a kan abu ɗaya ta tsaya: tankin kifi ba a juye shi, rage shi ake yi. Kwata ɗin ruwan za ka cire ka mayar da sabo, kowane mako, kifin na ciki suna iyonsu. Sai dai kafin mu ɗauki tiyo ya kamata ka san dalili, domin wanda bai san dalili ba, ranar da ya ga ruwa ya gurɓace hannunsa zai koma kan omo.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan

Kifi yana ci yana kashi a cikin ruwan da yake shaƙa. Ta mashaƙar da ke gefen kansa yana fitar da sinadarin amoniya, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma amoniya suke zama. Amoniya guba ce, kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙona mashaƙar kifi, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi. A kogi irin Galma yawan ruwa da gudunsa suna tafiya da ita. A cikin gilashi ba ta da wurin zuwa.

Abin da ke ceton kifin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, waɗanda suke maƙale a jikin soson filta da tsakuwa da gilashi. Wani rukuni yana juya amoniya ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne mai hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Wani rukunin yana juya naitirait ya koma naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce matuƙar bai taru ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da za su riƙe tanki, ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. Wannan santsin mai launin ƙasa da ke jikin soso, wanda zuciya ke raya maka ƙazanta ne, shi ne gidansu. Ranar da na wanke shi da omo na shanya a rana, aikin mako biyar na rushe, na bar kifi a cikin ruwa mai kyan gani da babu mai kwashe musu guba.

Shi kuwa naitiret, filta ba ta fitar da shi. Taruwa yake yi mako bayan mako. Shuke-shuken ruwa suna shan wani abu daga ciki, amma hanyar da ta tabbata ita ce ka ɗebe wani kaso na ruwan ka zuba sabo. Idan kana da kayan gwajin ruwa, amoniya da naitirait su nuna sifili, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 40 a lita.

Akwai kuskuren da ya yawaita a nan Zariya saboda bushewar iskarmu. Da hunturu ruwan tanki yana raguwa da kansa, mutum ya riƙa ƙarawa yana ganin ai ya canza ruwa. Ruwa zalla ne yake tashi ya bi iska. Naitiret da gishirin da ke cikinsa suna nan zaune, kuma duk cikon da ka yi ƙara musu kake yi. Ciko daban, canji daban.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Bokiti biyu sababbi, ɗaya na fitar da tsohon ruwa, ɗaya na sabo. Ka rubuta KIFI a jikinsu, ka tara mutanen gida ka gaya musu ba a wanki da su, ba a jiƙa wake a ciki, ba a kai su banɗaki. Ragowar sabulun da ba za ka ji ƙanshinsa ba ma yana iya kashe kifi, kuma a gidan da ke da yara bokitin da ba shi da suna na kowa ne.

Sai tiyo mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Farin tiyon nan da magina ke duba lebur da shi ya yi, ana samunsa a shagunan kayan gini a Sabon Gari, kuma amfaninsa shi ne kana ganin abin da ke wucewa ta ciki. Sabo za ka saya. Wanda ya taɓa shiga tankin mota ko janareta ba shi da gyara.

A bakin tiyon ana sa wani faffaɗan bututu na tsotse dattin tsakuwa. Masu sayar da kayan kifi suna da shi, amma ni da hannuna na haɗa nawa. Na samu gorar ruwa ta roba mai rabin lita, na yanke gindinta, na huda murfin daidai kaurin tiyo, na cusa shi ya matse. Faɗin gorar yana rage ƙarfin zuƙa, sai tsakuwa ta tashi ta yi rawa ta koma ƙasa, datti kuma da yake ba shi da nauyi ya bi ruwa ya fita.

Ragowar su ne ma'aunin zafin ruwa, maganin kashe kulorin, sabon soso na goge gilashi wanda bai taɓa ganin kwanuka ba, da tsohon tawul na shimfiɗawa a ƙasa.

Ka kuma san adadin ruwan da tankinka ke ci. Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Tanki mai 60 da 30 da 30 ya ba da lita 54. Idan ka cire wurin da tsakuwa ta cinye da ɗan sararin da ke sama, abin da ke ciki bai wuce lita 45 ba, kwatansa kuwa lita 11 ko 12, wato bokiti ɗaya. Ni na liƙa ɗan salatif a gefen gilashi a daidai inda ruwa ke tsayawa idan kwata ya fita, tun daga ranar ban sake lissafi ba.

Ruwan da za ka zuba, tun jiya ake shirya shi

Nan ne ya fi cancantar a daɗe, domin a garin nan ba ruwa iri ɗaya muke sha ba. Na Samaru da na Tudun Wada da na Gyallesu kowa da inda yake samu, wani ma a mako ɗaya sai ya yi amfani da iri uku.

Ruwan famfo na gwamnati an tace shi an sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta. Alheri ne ga mutum. Amma kulorin ba ya bambance ƙwayar cuta da bakteriyar filtarka, kuma yana ƙona mashaƙar kifi. Idan ka tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ɗaya zuwa biyu, musamman da famfon iska, ɗan injin da ke hura iska cikin ruwa, yana motsa shi, kulorin yana fita. Sai dai akwai wani nau'in, kuloramin, wanda wasu matatun ruwa ke amfani da shi, kuma shi ajiyewa ba ta fitar da shi. Saboda haka na fi natsuwa da maganin kashe kulorin. Kwalba ɗaya tana daɗewa, ana ɗiga shi gwargwadon litar sabon ruwan kamar yadda aka rubuta a jikinta, kuma cikin mintuna yake aiki.

Ruwan rijiyar burtsatse yawanci ba shi da kulorin, shi ya sa mutane ke zuba shi kai tsaye. Kada ka yi haka. Ruwan da ya fito daga can ƙarƙashin ƙasa iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce. Bar shi ya kwana a buɗe. Idan da safe ka ga ya yi ja-ja ko wani abu mai kama da tsatsa ya kwanta a gindin bokiti, ƙarfe ne a cikinsa, sai ka tsiyaye na sama ka bar na ƙasa. Ka tuna kuma da baƙin tankin da ke saman gini. Da bazara, ruwan da ke saukowa daga cikinsa da azahar har hannu yake ƙonawa.

Rijiyar gida ita ce mai wuyar sha'ani. A unguwannin da gidaje suka matsu, rijiya ba ta da nisa da masai, kuma irin wannan ruwan yakan zo da nasa naitiret ɗin tun daga tushe, ka ga kana canza ruwa amma gansakuka sai ƙaruwa take yi. Bayan haka, lokacin da ake fargabar amai da gudawa akan zuba maganin kulorin a rijiyoyi, wasu gidajen kuma suna sa alif don laka ta kwanta. Ruwan da aka sa wa alif ban yarda ya shiga tankina ba.

Idan daga 'yan ga-ruwa kake saye, tambayi inda suka ɗebo, ka kuma sansana jarkar. Da yawa daga jarkokin nan masu lita 25 man gyaɗa ko manja suka fara ɗauka. Idan ka ga maiƙo yana yawo a saman ruwan, a yi wanki da shi. Na fi son in ba mai kurar jarkata ya cika mini, kuma a wuri ɗaya kullum. Duk ruwan da ban san asalinsa ba ina ɗiga masa maganin kulorin, don ba ya cutarwa idan an bi ƙa'idar awo.

Ruwan sama yana da kyau a ido, amma kusan babu ma'adinai a cikinsa, gofi da moli kuwa sun fi son ruwa mai ɗan ma'adini. Na farkon damina da ya wanko ƙurar rani da tsatsar kwano da kashin tsuntsaye, wannan ko kusa. Ruwan Kubanni ko na Galma ma haka, don ana noman rani a bakinsu, abin da aka fesa wa gona da takin da aka zuba suna gangarawa ciki, ga ƙwayoyin cutar kifin kogi.

Kowanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa. Kifi yana iya sabawa da ruwan da ba shi ne mafi kyau ba, abin da ba ya jurewa shi ne yau wannan gobe wancan. Ka cika bokitin tun daren jiya, ka ajiye shi a ɗakin da tankin yake, ka rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙura da sauro. Kwana a ɗaki ɗaya yana sa zafinsu ya zo kusa da juna.

Ranar aiki

Fara da hannunka. Wanke shi har gwiwar hannu da ruwa zalla, ka ɗauraye sosai. Man shafawa, turare, maganin sauro, fetur ɗin da ka taɓa wajen tayar da janareta, duk suna sauka a ruwa. Idan da ciwo ko yanka a hannun, sa safar roba ko ka bari ya warke, saboda akwai ƙwayar cuta a ruwan kifi da ke shiga ta rauni ta haifar da ƙurji mai wuyar warkewa.

Na biyu, zare komai daga soket: hita mai ɗumama ruwan, filta, fitila. Kada ka ce ai babu wuta. An sha kawo ta mutum yana tsaka da aiki, hannu a ruwa, ƙafa a kan jiƙaƙƙen siminti. Hita kuma ka ba ta minti 10 zuwa 15 ta huce a cikin ruwan kafin ka fara ragewa. Gilashi ce, idan ruwa ya sauka ya bar ta da zafi a iska tana iya fashewa. Filtar da aka bari tana aiki babu ruwa ita ma injinta ƙonewa yake yi.

Kifin kuwa bar su a inda suke. Bin su da raga a tsamo su a zuba a roba ya fi canjin ruwan kansa wahalar da su. Za su taru a lungu ɗaya, bayan 'yan makonni ma za ka ga suna zuwa leƙen gorar.

Na uku, goge gilashin ta ciki yanzu, tun ruwa bai ragu ba, don gansakukar da ta saku ta bi tiyo ta fita. Kula kada ƙwayar tsakuwa ta maƙale a soso, zane take yi wa gilashi wanda ba ya gogewa. Ni gilashin gaba da na gefe nake gogewa, na baya ina barin masa ɗan korensa, moli suna son tsattsagarsa.

Na huɗu shi ne tayar da tiyo. Ajiye bokitin da babu komai a ƙasa, ya zama yana ƙasa da tankin sosai, domin nauyin ruwan da ke gangarowa ne ke jan na bayansa, kuma iya nisan da ke tsakaninsu iya ƙarfin gudun. Kowa ya ga yadda ake zuƙo fetur da baki, kuma abin da hannu zai fara kai wa ke nan. Bari. Ruwan da ke ɗauke da kashin kifi bai dace da baki ba, balle a ce mutum yana azumi. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, to haka tiyo yake. Nutsa shi gaba ɗaya a cikin tankin har iskar da ke ciki ta gama fita, toshe bakin da zai je bokiti da babban yatsa, fito da shi ka saukar ƙasa, gorar tana nan a nutse, sannan ka saki yatsan. Ruwa zai taho da kansa. Idan ya tsaya, iska ce ta shiga, sai ka sake.

Na biyar, kuma nan ne ainihin aikin: tsotse tsakuwa. Dasa bakin gorar a cikin tsakuwa har ƙasa. Za ka ga wani baƙin hayaƙi ya tashi ya bi tiyo, tsakuwar tana juyawa. Ka tsaya a wurin har ruwan da ke cikin gorar ya washe, sannan ka ɗaga, tsakuwar ta zube, ka matsa gaba kaɗan. Idan tsakuwa ta fara hawa sama, lanƙwasa tiyon da ɗaya hannun, gudun zai ragu ta faɗo. Wannan lanƙwasawar ita ce birkinka, da ita za ka hana bokiti cika kafin ka gama. Ka fi ba da ƙarfi a inda kake zuba abinci, da ƙarƙashin duwatsu da kusurwoyi. Kusa da saiwar shuka kuwa sama-sama za ka bi. Idan yashi ne a ƙasan tankin maimakon tsakuwa, kada ka dasa gorar, riƙe ta kamar yatsa ɗaya sama da yashin ka riƙa juya ta a hankali.

Ba dole ka gama ƙasan duka a rana ɗaya ba. Rabi wannan mako, rabi mako mai zuwa. Da ruwa ya kai alamar salatif, ɗaga gorar sama, ko da kana ganin saura datti. Zuciya za ta ce ƙara kaɗan. Garin neman gira ake rasa ido.

Kafin ka zubar da bokitin, ajiye shi minti biyu ka leƙa ciki da tocila. Gofi haihuwa suke yi, ba ƙwai ba, kuma 'ya'yansu ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Na taɓa tsamo guda bakwai daga bokitin da na riga na ɗauka zan kai waje. Tun daga nan, idan na san akwai jarirai, ina ɗaura ɗan yankin gidan sauro sabo, wanda ba a sa wa magani ba, a bakin gorar.

Na shida, filta. Ba kowane mako ake taɓa ta ba, sai ka ga ruwan da take fitarwa ya rage ƙarfi, kamar sau ɗaya a wata. Ciro soson ka matse shi sau uku ko huɗu a cikin wannan tsohon ruwan da ka cire. Ba a ƙarƙashin famfo ba, ba da ruwan zafi ba. So ake toshewar ta fita, ba a so ya koma fari. Mayar da shi da launinsa na ƙasa-ƙasa, kuma kada ya bushe. Idan ya tsufa har yana ɓarɓashi, raba shi biyu ka canza rabi, bayan wata guda ka canza sauran. Makon da ka wanke filta, sassauta wa tsakuwa.

Tsohon ruwan kada ya tafi kwata. Naitiret ɗin da muke gudu taki ne ga shuka. Zogalen da ke bayan ɗakina da na'ana'ar uwargida da shi suke rayuwa, har takan tambaya, "Maigida, yau ba ranar ruwan kifi ba ce?" Sai dai idan ka sa wa tankin gishiri ko maganin cuta, wannan ruwan ba na shuka ba ne.

Na bakwai, mayar da sabon ruwa. Sa ma'auni a bokiti, sa a tanki. Bambancin kada ya wuce digiri 1 zuwa 2. Yawancin kifin ado na ƙasashe masu zafi suna son digiri 24 zuwa 28, kifin zinare ya fi son ƙasa da haka. Idan na bokitin ya yi sanyi, dafa ɗan ruwa a tukunya mai tsabta ka sirka a cikin bokitin, ba a cikin tanki ba. Maganin kulorin ma a bokiti ake ɗiga shi a motsa kafin ruwan ya taɓa kifi.

Zuba a hankali. Kifa ɗan faranti a kan tsakuwa ko ka tara tafin hannunka, ka riƙa zubawa da kofi a kai don kada ruwa ya tone ƙasa. Wanda ya fi sauƙi shi ne ka ɗora bokitin a wuri mai tsayi fiye da tankin, ka bar tiyo ya sauko da shi siriri. Kada ka jingina cikakken bokiti a bakin gilashi. Ka bar sararin yatsa biyu a sama, kifi suna tsalle.

Sai ka goge hannu da wayoyi su bushe, ka tabbata ruwa ya rufe hita, sannan ka mayar da wuta. Tsaya ka ga filta ta kama. Wani lokaci iska takan maƙale mata, sai an ɗan girgiza ta.

Bayan an gama

Ruwan zai ɗan yi duhu na awa ɗaya ko biyu, ƙurar da ka tayar ce, za ta kwanta. Jinkirta abinci zuwa yamma, kuma ka ba su kaɗan. Zauna ka dube su na ɗan lokaci. Kifin da ya ji daɗin sabon ruwa yana buɗe fikafikansa yana zagaye. Idan ka ga sun taru a sama suna haki, ko suna goga jiki a duwatsu, ko sun kwanta a ƙasa fikafikai a tsuke, fara zargin kulorin ko bambancin zafi. Ƙara maganin kulorin gwargwadon litar tankin duka, ka kunna famfon iska. Idan kuwa bayan kwana ɗaya ko biyu ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, alama ce ka taɓa bakteriyar da yawa. Kada ka juye tankin. Rage abinci, ka riƙa canza kashi 10 cikin 100 kullum har ya washe.

Ruwan lafiyayyen tanki ƙanshin ƙasar da aka yi wa yayyafi yake yi. Ruwa ba ya tsami banza: in ka ji wari, nemi mataccen kifi a bayan dutse ko abincin da ya taru.

Yanayin garinmu yana canza lissafin. Daga Disamba zuwa Janairu, ruwan da ya kwana a waje da asuba ƙanƙara ne a wajen kifi, kuma sanyin farat ɗaya yana raunana su har cutar fararen ɗigo ta samu shiga. A wannan lokacin da hantsi ko bayan azahar nake canji, kuma ina rufe tankin saboda ƙura. A Maris da Afrilu kuwa matsalar ta juya: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, kifi suna ci da yawa suna kashi da yawa, ga wuta tana yawan ɗaukewa filta ta tsaya. Sai in koma canjin kashi 15 cikin 100 sau biyu a mako, da sassafe. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ina ɗibar ruwan tankin da kofi ina zubo shi daga sama don iska ta shiga, kuma ba na ba su abinci ranar. Da damina sauro ke sa a yi fesa a ɗaki. Maganin sauro na fesawa yana kashe kifi da gaggawa, don haka bokitin da ka tara da tankin duka a rufe su, a kashe famfon iska, har ɗakin ya sha iska.

Tankin da aka daɗe ba a taɓa ba

Wataƙila kana karanta wannan ne alhali tankinka ya yi wata huɗu ba a cire masa ko kofi ɗaya ba, ciko kawai ake yi. Kada ka tashi yau ka cire rabi. Kifin sun saba da wannan ruwan sannu a hankali, ya yi tsami ya yi nauyi, kuma sabon ruwa mai yawa a lokaci ɗaya zai buge su ko da ya fi tsabta. Cire kashi 10 cikin 100 yau, ka sake bayan kwana biyu, ka ci gaba haka na mako biyu, kana tsotse ɗan yanki na tsakuwa kowane karo. Daga nan ka koma kwata a mako. Dabbar da ka tsare a gilashi ba ta da ikon neman wani ruwan, kamar kyanwar nan da hadisi ya ba da labarin matar da ta kulle ta, don haka ka sa wa aikin rana tsayayya. Tawa Asabar ce da hantsi, kuma minti 20 yake ci.

Idan dole sai an juye duka

Akwai lokacin da babu makawa: tashi daga gida, ko gilashi ya fara yoyo. A nan ma ba irin wankin randa za ka yi ba. Hana kifin abinci kwana ɗaya kafin ranar. Fara zuƙo ruwan sama mai tsabta, kafin ka tayar da datti, ka cika jarkoki da aƙalla rabinsa. A cikin wannan ruwan za ka sa kifin, a bokiti mai murfi da aka huda, a inuwa. Soson filta ya shiga wani bokitin da tsohon ruwa ya rufe shi, tsakuwa ma ta zauna a jiƙe, kuma ka yi ƙoƙari komai ya koma wurinsa a cikin 'yan awoyi.

Sai tankin ya zama babu ruwa babu tsakuwa sannan a ɗaga shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ɗan tankin nan mai lita 54 idan yana cike ya fi buhun siminti nauyi, kuma ko ruwa kaɗan ne ya rage, tangal-tangal ɗinsa yana buɗe gam ɗin da ya haɗa gilasan. A riƙe shi ta ƙasa, mutum biyu. A sabon wurin, tabbatar teburin a daidaice yake, shimfiɗa ɗan kwali mai kauri ko soso a ƙarƙashi, mayar da tsakuwa, zuba tsohon ruwan da ka adana, cika da sabon da ka shirya, kunna filta, sannan kifi su shiga a ƙarshe. Mako guda bayan haka abinci rabi-rabi, kuma kada ka ƙara sabon kifi sai an yi wata.